Sunan da Ban Rubuta a Allo Ba

Ba zan tsaya kan yadda na bar Mubi ba, don duk wanda ya taɓa barin gida ya san yadda abin yake. Abin da ya kamata a sani shi ne, shekaru kaɗan bayan ƙuri'ar da ta shigar da yankinmu Nijeriya, ina sabon malami da ya gama karatu a Zariya, aka ba ni gurbin kwas na shekara guda a ƙasar Suwidin, in koyo yadda ake horar da 'yan ƙwallon ƙafa. Ban nema ba. Ina jin an zaɓe ni ne saboda ni kaɗai nake cike takardu a makarantarmu ba tare da gogewa ba. Hedimasta ya ce da ni, "Malam Umaru, takardar shaida za ka kawo mana. Hotonka cikin ƙanƙara ba ya aiki a ofishin ilimi." Wannan magana ta bi ni duk inda na sa ƙafa.

Landan ce zangona na farko, kuma can na fara gumi duk da sanyin. Jami'in duba fasfo ya ga tsohuwar takardar makarantata ta ce Mubi tana Kamaru, fasfo kuwa ya ce Nijeriya. Ya tambaye ni wanne ne gaskiya. Na ce duka biyun, gwargwadon shekarar da ake magana. Ya ce to yaushe na yi ƙaura? Na ce ni ban yi ƙaura ba, ɗakin da aka haife ni yana nan inda yake, ƙasar ce ta yi. Ya daɗe yana kallona, ya kira wani, suka buɗe taswira, daga baya ya buga hatimi yana girgiza kai.

A tashar jirgin ruwa kuma sai na ji murya a bayana: "Sannu ɗan'uwa, daga ina?" Kwana uku ke nan ban ji Hausa ba. Wani mutum ne da hular ma'aikatan jirgi, ya ce sunansa Ɗanladi. Muka gaisa har na tambayi lafiyar iyalin da ban san ko yana da su ba. Idonsa ya sauka kan jakar da Dada, mahaifiyata, ta cika mini da daddawa da kuka da yaji da soyayyiyar gyaɗa.

"Kai, kai, kai! Wannan za ka wuce da shi ta gabansu? Ƙonewa za su yi, ƙila ma su tsare ka. Kawo in shigar maka ta ƙofar ma'aikata, mu haɗu a sama."

Ni da nake duba kwaɗon ɗakina sau uku kafin in fita, na miƙa masa. 'Yan kwastan ko akwatina ba su buɗe ba. Na zagaye jirgin nan tun daga sama har inda aka hana fasinja shiga, babu Ɗanladi, babu jaka. Har yau nakan ce ƙila wani abu ne ya tsare shi. Matata ta ce in daina faɗin haka a gaban mutane.

Kwana biyu na yi a kan ruwa ina amai. Wata tsohuwa da ba mu da yare ɗaya ta zauna kusa da ni, tana ɓantaro mini busasshen burodi kaɗan-kaɗan, in na ci ta gyaɗa kai. Da muka sauka na ce mata "useko", godiyar Fulatanci, don ita ce ta fara zuwa bakina. Ta maimaita, ta yi dariya, ta tafi.

Wata bakwai na yi a Stockholm, a aji. Mun haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da dokokin wasa. Karatu bai taɓa ba ni tsoro ba, don littafi ba ya kallon mutum a ido. Abin da ya dame ni duhu ne da shiru. Rana takan leƙo da hantsi, kafin la'asar ta koma, har na riƙa yin salla da agogo ina shakkar ko daidai nake. Azumin da na yi a can shi ne mafi sauƙi a rayuwata, kafin ka ji yunwa an sha ruwa, sai na ji kamar na yi wa mutanen gida wayo. Maƙwabcina a bene, in na tambaye shi gida da aiki da gajiya, sai ya duba bayansa ya ga ko da wani nake. Nakan tsaya a taga in tuno kasuwar Mubi, inda mutum ɗaya zai yi ciniki da Fulatanci, ya yi rantsuwa da Hausa, ya yi zagi da yaren uwarsa. Nakan tuno duwatsun da ke bayan gari, da yashin mayo, wato kogi, inda muke buga ƙwallon tsumma ba takalmi. Duk da haka ba zan ce na wahala ƙwarai ba. An ba ni ɗaki mai ɗumi, kuma na ci jarrabawar rubutu.

Saura abu ɗaya. Kowane ɗalibi sai an tura shi wata ƙungiya ya yi wata uku a ƙarƙashin koci, a ƙarshe ya jagoranci wasa guda da kansa, daga zaɓen 'yan wasa har zuwa busar tashi. A ƙasan takardar akwai layi ɗaya na sa hannun kocin. In bai sa ba, babu shaida, sai dai hoton ƙanƙara.

Ni an tura ni wani ƙaramin gari a arewa, mai masana'antar takarda. Kafin jirgin ƙasa ya tsaya na ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, daga baya na gane warin masana'antar ne, mutanen garin ba sa ma jin sa. A tasha wani dogon mutum mai faɗin kafaɗa da karyayyen hanci yana tsaye riƙe da keke. Zai yi shekara arba'in, ko ɗan sama. Ya matse hannuna ya ce, "Folke." Ya ɗora akwatina a keken muka kama tafiya, ko kalma bai ƙara ba. Na lura in zai taka dakali ƙafar hagu yake fara ɗorawa, sannan ya jawo ta dama.

Na kira shi Baba, kamar yadda ya dace da wanda ya girme ni. Ya ce da gurgun Turancinsa, "Ban haife ka ba. Folke." Na gwada, bakina ya ƙi. Mu a wajenmu ba a kiran babba da sunansa tsirara. Muka tsaya a Baba Folke, 'yan wasa suka ji suka ɗauka, har mai tsaron gida, wanda ya kusa kai shi shekaru, yakan ƙwala masa kira daga raga, "Baba, ƙwallo!" Shi kuwa ya harare ni kamar ni na kawo musu annoba.

Matarsa Karin ma'aikaciyar jinya ce, Turancinta ya fi nawa. Kowace Lahadi a gidansu nake cin abincin rana. Tun ranar farko ta tambaye ni abin da ba na ci, daga nan kifi da dankali take dafa mini, ban taɓa buƙatar sake faɗa ba. Da ta ji labarin jakar Dada, sai ta sa na kwatanta mata tuwo, ta tuƙa wani abu da garin alkama mai tsaki. Bai yi kama da tuwo ba ko kaɗan, amma na cinye na nemi ƙari, kuma ba don kara kawai ba.

A bakinta na ji tarihin mijinta, tana buɗe mini kundin hotuna, shi kuwa yana gefe yana shafa wa takalmansa mai kamar ba shi ake nufi ba. Tun yana ɗan saurayi yake aiki a masana'antar, da yamma ya buga wa ƙungiyar garin a matsayin ɗan baya na tsakiya. Wata babbar ƙungiya a birni ta ɗauke shi. Daga can 'yan Italiya suka gan shi suka kira shi ya buga musu a biya shi. A lokacin a Suwidin ƙwallo ba sana'a ba ce, mutum yana da aikinsa, wasa kuwa don suna ne da garinsu. Da ya tafi, wasu suka ce ya sayar da ƙafarsa, ƙofar ƙungiyar ƙasa ma ta rufe masa. Shekara huɗu ya yi a can, a can gwiwar dama ta samu matsala. Ya dawo ya horar da wata ƙungiya a birni, kaka ɗaya tak aka sallame shi, saboda ya gaya wa shugaban ƙungiyar a gaban kowa cewa ɗan ƙaninsa bai iya ƙwallo ba.

"Gaskiya ce?" na tambaya.

Ba tare da ya ɗago kai ba ya ce, "Gaskiya ce."

Sai ya koma garinsu, yana horarwa yana kuma bugawa.

Yadda yake aiki ya burge ni, na cika littafi biyu da shi. Ba ya amfani da usur, ya ce wanda sai an busa masa zai ji, ranar wasa ma ba zai ji ba. Kowa shi ke goge takalminsa da hannunsa. Bai yarda ɗan baya ya kalli ƙwallo kawai ba, ƙugun abokin hamayya zai kalla, don ƙafa tana yaudara, ƙugu ba ya yi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zaman bayan wasa. Ko an ci ko an sha kashi, kafin kowa ya yi wanka sai a zauna a kewaye a ɗakin canja kaya, kowa ya faɗi kuskurensa ɗaya da bakinsa. In ya ɓoye, na kusa da shi ya faɗa masa ido da ido. Ranar farko da na ga wani ɗan shekara ashirin yana gaya wa mai tsaron gida cewa tsoro ya ji, na sunkuyar da kai don kunya, su kuwa suka wuce shan gahawa tare.

Sai dai na lura, in layi ya zo kan Folke, yakan ce ciyawa ce ta jiƙe, ko rana ta shiga idonsa, kuma na kusa da shi ba ya cewa komai. Kowa ya ga abin da na gani. Kansa yana nan, yana sanin inda ƙwallo za ta faɗi tun kafin a buga ta. Amma in mai gudu ya bi ta damansa, juyawa takan ɗauke shi kamar ana juya amalanke. Wasa uku a jere ta nan aka ci mu. Mutanen da suke gaya wa juna komai sun kasa gaya masa wannan, don shi ne mutumin garin da ya je Italiya.

Wasan da aka ware mini shi ne na ƙarshe kafin hutun bazara, da garin da ke tsallaken kogi, waɗanda suke gaba da su a ƙwallo tun kakanni. Suna da wani ɗan gaba mai gudu kamar barewa, kuma ta hagunsa yake zuwa, wato ta daman Folke. A lokacin, aƙalla a rukunin da muke, ba a canja ɗan wasa in an fara. In gwiwar ta ƙi, da mutum goma za mu ƙarasa. Akwai Lasse, wani ma'aikacin masana'anta mai shekara ashirin da 'yan kai, bai kai Folke basira ba, amma ƙafafunsa biyu lafiya suke.

Na auna abin ta kowace fuska. In na sa Folke, na san na yi ƙarya a aikin da aka turo ni in koya. In na cire shi, hannun da zai sa mini a takarda shi na cire. Na rubuta sunayen a littafina na goge ya fi sau goma, ni da aka zaɓa don ba na gogewa.

Sai na tuna da Bappa Hamman, yayan mahaifina, da ke noma a Kwaja. Shi ne yake jan layi a kowace gayya tun kafin a haife ni. Da bayansa ya fara gazawa, samari suna rage hannu don kada su wuce shi, aiki yana kaiwa yamma, babu wanda ya buɗe baki ya ce masa komai. Mahaifina ya je ya gaishe da Goggo, matarsa, suka yi 'yar hira a bakin murhu. Gayya ta gaba sai ga Bappa a gindin tsamiya, shi ke raba goro, shi ke cewa kunyar wane ba ta miƙe ba. Ya ce shi ya ga dama ya huta. Girmansa bai ragu ba ko ƙwayar gero. Haka ake yi wa babba, haka na tashi na gani, ban taɓa zaton akwai wata hanyar mutunci ba bayan wannan.

Ranar Lahadi, da Folke ya fita faso itace, na bi Karin kicin ina riƙe da kwanuka. Na yi ta kewaye-kewaye, na yabi tarihinsa, na yabi basirarsa, na ba ta labarin Bappa Hamman, na ce ƙila, in ta ga ya dace, ba dole ba, ta ɗan nuna masa cewa hutu ɗaya ba zai cutar ba.

Ta ajiye tawul ta kalle ni. "Omar, kana so in gaya wa mijina ka cire shi?"

"A'a, ba cirewa ba. In shi ya ce ya huta da kansa."

"Me ya hana ka gaya masa? Ga shi can a waje."

"Ai ya girme ni."

Ta ce, "Ni ba na ɓoye masa komai. Zan gaya masa, kuma zan ce kai ka faɗa." Na ji daɗi, na ɗauka mun fahimci juna.

Ranar Talata a fili, tun kafin in ajiye jaka, ya taho wajena yana ɗingishi, fuskarsa ja.

"Da matata kake maganar gwiwata?"

'Yan wasa suka tsaya cak. Na ce, "Baba, don girmamawa ne."

"Girmamawa? A bayana? A kicin ɗina?" Ya nuna ƙirjinsa. "Ga ni. Wata biyu kana zaune a ɗakin nan kana rubutu. Me ka rubuta?"

Idona yana ƙasa, kamar yadda aka koya mini, shi kuwa a wajensa wannan ma wani laifin ne.

"Ko kallona ba ya iya yi," ya ce da sauran, ya juya.

Kwanaki huɗun da suka biyo baya bai ce mini uffan ba. In yana son in kwaso ƙwallaye, sai ya gaya wa iska. Mai tsaron gida ya dafa ni ya ce, "Malam," don haka suka koyi kira na, "ka taɓo wurin da mu duka muke kewayewa, amma ta ƙofar baya ka shiga." Na riƙa lissafa yadda zan tsaya gaban hedimasta hannu biyu babu komai. Na yi tunanin in sa sunansa kawai a wuce wurin, kowa zai ce ya fahimta. Na kuma yi tunanin Bappa, na ga cewa shi ɗin ma ai an cire shi, hanyar ce kawai ta bambanta. Abin da mahaifina bai yi ba shi ne ya bar shi a layi don tsoro.

Ranar Asabar, awa ɗaya kafin wasa, suna zaune a ɗakin canja kaya, ni ina gaban allo da alli a hannu. Folke ya riga ya sa rigarsa, ya ɗaure gwiwar da bandeji, ya sa takalmi ɗaya. Na rubuta mai tsaron gida. Na rubuta 'yan baya biyu. Na tsallake wuri ɗaya na rubuta sauran har ƙasa, na bar gurbin tsakiya fari.

Ban rubuta ba tukuna. Na taka har gabansa, na ɗaga kaina na kalle shi. Ban taɓa lura idonsa ruwan toka ne ba sai ranar.

"Folke," na ce, kuma sunan ya fito da ƙyar kamar ƙashin kifi. "Yau ba za ka buga ba. Gwiwarka ba ta juyawa ta dama. Wasa uku ta nan aka ci mu. Lasse ne zai shiga."

Ina so in ƙara da "ƙila", ina so in ce "in ka yarda", duk suna bakina, na danne su. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sunkuya ya kwance takalmin nan guda, ya ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, ya daidaita su, ya sa kwat a kan rigar wasan ya fita. Na koma allo na rubuta Lasse.

Da zan iya, da na ce mun ci wasan. Ba mu ci ba. Lasse ya bi mai gudun nan ƙafa da ƙafa, sau da yawa ya tare shi a wurin da na san Folke ba zai kai ba. Mu muka fara zura ɗaya, suka rama kafin hutun rabin lokaci. Ana saura kaɗan a tashi aka bugo kwana, Lasse ya kalli ƙwallo ya manta da mutum, wani ya zo ta bayansa ya sa mata kai. Biyu da ɗaya. Kuskure ne wanda Folke ba zai taɓa yi ba ko da ƙafa ɗaya yake tsaye, kuma duk filin ya san haka. Na hango shi a bayan shinge cikin 'yan kallo, hannuwa a aljihu.

Ya shigo zaman bayan wasa, ya zauna a wurinsa. Lasse ya faɗi nasa yana kusan kuka. Da aka zo kan Folke ya ce shi bai buga ba. Ni ba a saba tambayata ba, amma na ce ina da nawa. Na ce na kai kicin maganar da wannan ɗakin ne wurinta. Mai tsaron gida ya fassara wa waɗanda ba su ji ba. Wasu suka gyaɗa kai. Folke ya tashi ya ɗauki takalmansa ya tafi, takardata kuwa tana aljihun kwat ɗinsa tun farkon mako.

Lahadi ba a kira ni cin abinci ba. Litinin shiru, Talata shiru. Jirgina na Alhamis ne. Na haɗa akwati, na kwance, na sake haɗawa. Na fara rubuta wa hedimasta wasiƙar bayani, na kai shafi uku ban iso wurin da zan ce babu takarda ba. Abin da ya ba ni mamaki da kaina shi ne, duk da fargabar, ban yi nadamar sunan da na rubuta ba. Na duba zuciyata sau da yawa, don na san halina, ban samu nadamar ba.

Laraba da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Karin ce, da kayan aikinta na asibiti, riƙe da ambulan da wani ƙullin burodi mai kirfa.

"An aiko ni," ta ce, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi. "Ya ce in gaya maka, da shi ya buga, da ƙwallon kwanar nan ba ta shiga ba."

"Haka ne," na ce.

"Ya kuma ce in gaya maka, da uku sun shiga ta dama."

Na buɗe ambulan. Ga sa hannun a kan layin, da manyan haruffa, alƙalamin har ya kusa huda takardar. Na zauna a kan akwati.

"Me ya sa bai zo da kansa ba?"

"Ya ce ai haka kuke yi wa mutum a garinku in kuna ganin girmansa. Ya sa na maimaita masa labarin Bappanka sau biyu. Ya tambaya ko shi ma za a ba shi goro ya raba." Ta nuna taga da haɓa. "Kada ka ce na gaya maka, yana ƙasa."

Na sauka. Yana tsugune gefen kekensa yana matsa tayar da ba abin da ya same ta, ƙafar dama a miƙe. Bai ɗago ba.

"Ka duba sa hannun sau uku?"

"Sau biyu, Baba."

"Folke."

"Sau biyu, Baba Folke."

Ya yi wani gurnani wanda ina jin dariya ce. Ya miƙo mini hannu, na ɗauka gaisuwa ce, ashe so yake in taimaka masa ya miƙe. Na ja shi, yana da nauyi, ya dafa kafaɗata har ya daidaita. Washegari shi ya kai akwatina tasha a kan keken nan, kamar yadda ya ɗauko shi, kuma kamar ranar farko bai ce komai ba a hanya.

Hedimasta ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama ya duba hatimi, ya ce madalla, ya sa ta a fayil. Na horar da 'yan makarantarmu shekaru masu yawa a filin da babu ciyawa, mun je har Belel mun buga, mun ci mun kuma sha kashi. Zaman bayan wasa a gindin darbejiya muke yi, ya ɗauki kaka biyu kafin ya zauna, kuma ba zan ce ya zauna gaba ɗaya ba. A harkar gida da dangi kuwa har gobe ta hannun Goggo da ire-irenta nake bi, ban ga dalilin canjawa ba.

Folke bai sake buga wasa ba bayan ranar nan. Ya ci gaba da horar da ƙungiyar garinsu daga bakin fili, ya hau da su rukuni na sama, suka sake saukowa, yana nan tare da su. Wasiƙunsa sun riƙa zuwa Mubi sau ɗaya a shekara, wani lokaci bayan wata biyu a hanya. Ya iya rubutu sarai, na ga sa hannunsa. Amma dukansu da hannun Karin suke zuwa, kuma kowace da kalmomi iri ɗaya take farawa: "Ya ce in gaya maka."